Yawan Gadaje ko Barci Mai Kyau: Sharhi Kan Tsarin Ɗakuna a Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Duk wanda ya buɗe takardar tallar jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iyalai ke yawon teku da shi a Turai da Amurka iska tana tura su, abin da zai fara cin karo da shi lissafin ɗakuna ne: tsawo mita 12, ɗakuna uku, banɗaki biyu, makwancin mutum takwas. Da wannan lissafin ake sayar da jirgi, da shi kuma mai saye ke gwada na wannan kamfani da na wancan. A ganina wannan ma'auni ya ɗauke hankalin jama'a daga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato mutum nawa ne za su iya yin barci na gaskiya a cikin jirgin a lokacin da yake tafiya a tsakiyar teku, ya karkata gefe guda, raƙuman ruwa suna dukansa. A jirage da dama masu ɗaukar takwas a takarda, amsar ba ta wuce mutum ɗaya ko biyu ba. Tsarin ɗakuna mai kyau shi ne wanda ya fara tanadar wa matafiya makwanci a cikin tafiya, sannan ya waiwayi jin daɗin zama a tasha.

Kafin a shiga hujja, ya kamata a san yadda cikin jirgin yake. Matsakaicin jirgi, mai tsawo tsakanin mita 10 da 14, ana shiga cikinsa ne daga mazaunin matuƙi da ke baya, a sauka ta 'yar matakala. Da saukarka, a gefe ɗaya kicin ne, da murhun gas da aka rataye yadda zai riƙa lilo ya tsaya daidai idan jirgi ya karkata, a ɗaya gefen kuma teburin taswira ne ko banɗaki. Gaba kaɗan falo ne, da dogayen kujeru biyu da teburin cin abinci a tsakaninsu. Can a goshin jirgi akwai ɗaki mai gado wanda ya buɗe wajen kai ya tsuke wajen ƙafafu, saboda haka goshin yake. A baya kuwa, ƙarƙashin mazaunin matuƙi, akwai ɗaki ɗaya ko biyu masu gajeren rufi, inji yana zaune a tsakaninsu bayan matakala. Fili ne ƙanƙane wanda ba ya ƙaruwa, don haka duk taku ɗaya da aka ba wani ɗaki, daga wani wurin aka ɗebo shi: ko daga falo, ko daga sito, ko daga wurin tankin ruwa.

Tun asali ba haka ake rabon wannan fili ba. Mutanen da suka buɗe hanyar yawon teku a ƙananan jirage sun yi shi ne a jirage masu ƙunci. Eric Hiscock da matarsa Susan sun zaga duniya tsakanin 1952 da 1955 a jirginsu Wanderer III, wanda tsawonsa wajen mita 9 ne kawai. Robin Knox-Johnston ya tashi daga Falmouth ta Ingila a watan Yuni na 1968 a cikin Suhaili, jirgin katako da aka ƙera a Bombay wanda bai cika mita 10 ba, ya zaga duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba, ya dawo bayan kwana 312. Jiragen wancan zamani siraru ne, gadajensu ma siraru, a tsakiyar jirgi suke, wasu a kan kujerun falo, wasu a lungu a samansu, wani kuma a gindin matakala inda mai barci zai ji kiran matuƙi nan take. Goshin jirgi sau da yawa ma'ajiyar filafilai da igiyoyi ne. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, daga ƙarshen shekarun 1950 aka soma zuba gangar jikin jirgi da roba mai haɗe da zaren gilashi, sai ƙira ta koma ta masana'anta, farashi ya sauka, masu saye suka yawaita. Na biyu kuma kasuwar haya ce. A 1969 aka kafa kamfanin The Moorings a tsibirin Tortola na yankin Karibiyan da jirage shida, daga baya sana'ar ta bunƙasa a Girka da Kuroshiya da sauran gaɓar Bahar Rum. Masu haya abokai ne ko iyalai da ke raba kuɗin mako guda a tsakaninsu, don haka ƙarin ɗaki ɗaya yana nufin ƙarin masu biya biyu. Manyan maƙera kamar Beneteau da Jeanneau a Faransa da Bavaria a Jamus suna sayar wa kamfanonin haya jirage da yawa, sai ƙirarsu ta bi bukatar wannan babban mai saye. Jirgi ya faɗaɗa, faɗin kuma ya zarce har ƙarshen baya don ɗakuna biyu su samu shiga. A yau jirgin mita 12 yakan haura mita 4 a faɗi, ana kuma iya ba da odarsa da ɗakuna biyu ko uku, wani har huɗu.

Teku dai ba ta sauya hali don kasuwa ta sauya ba. Jirgi a cikin tafiya yana motsi iri-iri, amma guda uku ne suka shafi mai barci: hawa da saukar goshi da baya, mirginawa daga dama zuwa hagu, da karkatar da iska ke yi masa idan ta cika filafilai. Na farkon kamar sandar ɗan ga-ruwa yake: garwaye biyun da ke bakin sandar su ne ke hawa da sauka, tsakiyar da ke kan kafaɗa kuwa kusan a tsaye take. Wurin da ya fi natsuwa a jirgi shi ne tsakiya ko baya kaɗan da tsakiya, ƙasa-ƙasa kusa da ruwa, wato daidai inda falo yake. Wurin da ya fi ko'ina tsalle shi ne ɗakin goshi. Idan jirgi yana fuskantar iska yana saran raƙuman ruwa, wanda ya kwanta a can yakan tashi daga katifa ya sake faɗowa, ga ƙarar ruwa yana dukan bango daidai kunnensa, ga tagar rufi dole a rufe ta gam. Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna cewa motsin sama da ƙasa mai maimaituwa wajen kowane daƙiƙa biyar ko shida shi ya fi tayar wa mutum zuciya, kuma irin wannan motsi a goshin jirgi ya fi ƙarfi. Ga shi a jirage da yawa na yanzu, wannan ɗakin ne aka ƙawata aka ce na mai jirgi ne, da faffaɗan gado a tsakiyar ɗaki wanda ake iya hawa ta kowane gefe. Gado ne mai daɗi a tasha, amma da zarar jirgi ya karkata da digiri 15 ko 20, babu abin da zai tare mai barci, sai ya gangaro ƙasa.

Ɗakunan baya sun fi na goshi dama, domin motsinsu bai kai nasa ba, amma su ma da nasu cikas. Gadonsu na mutum biyu ne, faɗinsa yakan kai mita ɗaya da rabi ko kusa da haka, kuma mutum ɗaya a kan irin wannan fili sai ya yi ta birgima duk lokacin da jirgi ya mirgina. Inji yana bayan allo ɗaya, da ƙararsa da zafinsa. A saman kai matuƙi ne da takunsa da ƙarar igiyoyin da ake ja. Iska ba ta shiga sosai, domin tagoginsu ƙanana ne. Duk da haka ana iya gyara su, idan aka raba katifar biyu aka sa allo ko tamfol a tsakani. Siffofin makwancin tafiya sanannu ne ga duk wanda ya yi dogon zango. Ya kasance a miƙe yake daidai da tsawon jirgi, domin wanda aka gitta shi yakan bar mutum kai a ƙasa ƙafa a sama idan jirgi ya karkata. Tsawonsa ya kusanci mita 2, faɗinsa ya tsaya wajen santimita 60 zuwa 70, yadda jiki zai samu madogara ta gefe biyu. A gefen da ke buɗe a ɗaura tamfol mai ƙarfi, wanda aka kafe gindinsa a ƙarƙashin katifa, aka ɗaure samansa da igiya a ƙugiyoyin da ke jikin rufi ko bango. Ya kasance kuma ruwan da ke fantsamowa ta matakala ba ya kai masa. Doguwar kujerar falo miƙaƙƙiya ta cika kusan duk waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa ɓata ta babbar asara ce. Kuma ana ɓata ta: wani maƙerin ya lanƙwasa ta ta zagaye tebur, wani ya maye gurbinta da kujerun mutum ɗai-ɗai, wani ya shimfiɗa kicin a tsawon bango guda ya cinye wurinta, ya kuma bar mai girki ba shi da abin jingina idan jirgi ya karkata.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan da zafi shi ne, barci a teku maganar tsira da rai ce. Jirgin da ke ƙetare teku ba ya tsayawa da dare. Matafiya suna karɓa-karɓar gadi, galibi awa uku ko huɗu kowa, mai gadi yana duba fitilun manyan jiragen dakon kaya, yana lura da sauyin iska, yana rage filafilai kafin guguwa ta iso. Yawancin masu dogon yawo miji da mata ne su biyu, ma'ana kowane lokaci ɗaya yana waje ɗaya yana kwance, kuma awa ukun nan su ne duk hutun da zai samu kafin a tashe shi. Ɗauki gangamin ƙetare Atlantika da ake kira ARC, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986, inda ake tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari a watan Nuwamba. Yau a tsibirin Sent Lusiya ake sauka, tazarar mil na teku wajen 2,700, kuma matsakaicin jirgi yakan yi kusan mako uku a hanya. Iska daga baya take turowa, abin da ke sa jirgi ya yi ta mirginawa dama da hagu dare da rana. Mutumin da ya kwana yana riƙe da gefen katifa don kada ya faɗi, idonsa a rufe yake amma tsokokinsa suna aiki, kuma bayan kwana uku ko huɗu a haka hankalinsa yakan dushe. Gajiyayyen matuƙi shi ke kuskuren karanta taswira, shi ke jinkirin rage filafilai, shi ke mance ɗaura igiyar tsaro kafin ya fita. Sau da yawa kuskuren da aka gani a waje, a kan gado ya samo asali.

Akwai kuma darasin da aka koya da tsada. A watan Agusta na 1979, jirage 303 suka shiga tseren Fastnet, wanda ke tashi daga Cowes a Ingila ya zagayo wani dutse a kudancin Ailan. Guguwa ta same su a hanya, 'yan tsere 15 suka rasu, aka bar jirage 24 a teku, biyar suka nitse. Wato mafi yawan jiragen da mutanensu suka gudu suka bari, daga baya an same su suna yawo a kan ruwa, alhali wasu daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun koma cikin kwale-kwalen roba na ceto. Daga cikin abubuwan da binciken da ya biyo baya ya gano akwai halin da cikin jiragen ya shiga lokacin da raƙuman ruwa suka kwantar da su ko suka kifar da su: batura da murhu da kayan ma'ajiya sun tsinke suna shawagi, allunan da ke rufe bakin matakala sun fita ruwa ya kwararo, wurin da ya kamata ya zama mafaka ya zama wurin rauni. Tun daga nan dokokin tseren teku suka tsananta kan ɗaure kaya masu nauyi. Darasin ya shafi tsarin ɗakuna kai tsaye. Falo mai faɗin mita 4 wanda ba shi da mariƙai a rufi da ginshiƙan kamawa, wuri ne da mutum zai faɗi daga bango zuwa bango. Cikin jirgi mai kyau shi ne wanda za ka bi daga matakala har goshi hannunka bai rabu da abin riƙo ba, kabad-kabad ɗinsa suna da sakata, murfin ma'ajiyar da ke ƙarƙashin gado ba zai buɗe ba ko da jirgi ya kwanta.

Mai musu zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai yawancin masu irin waɗannan jirage ba sa ƙetare teku. Suna fita da hantsi, su yi tafiyar awa huɗu ko biyar, kafin magariba sun jefa anka a wani lungu mai natsuwa ko sun ɗaure a tasha. Har masu zaga duniya ma, dararen da suke yi a tsaye sun ninka waɗanda suke yi a tafe. Me zai sa mutum ya takura kansa a siririn gado shekara guda saboda 'yan darare? Wannan hujja mai nauyi ce, kuma ta nuna cewa ɗakin goshi yana da ranarsa. Jirgin da ke kan anka yana juya goshinsa ya fuskanci iska, don haka tagar rufin wannan ɗaki ita ta fi kamo sanyi a ƙasashe masu zafi, kuma ya fi nisa da inji da hayaniyar falo. Ma'auratan da jirgi ya zama gidansu sun cancanci gado mai faɗi, da iska mai ratsawa don kada gumin bango ya taru ƙarƙashin katifa ya yi fumfuna. Amma abin lura shi ne, bukatun biyu ba sa cin karo da juna. Jirgi yana iya samun faffaɗan gado na tasha da kuma miƙaƙƙun kujeru biyu a falo masu tamfol ɗin tarewa. Abin da ake nema mita biyu ne na miƙaƙƙen wuri da 'yan ƙugiyoyi. Sannan babu mai yawon gaɓa da ya taɓa samun tabbacin cewa dare ba zai riske shi a hanya ba: iska takan juya, inji yakan ƙi tashi, tasha takan cika, wani a cikin tafiyar yakan kwanta da jiri da amai ya bukaci inda za a kwantar da shi ba tare da ya faɗo ba.

Musu na biyu ya fi taɓa zuciya, domin maganar sirri ce. Iyali mai 'ya'ya maza da mata da suka tasa, ko wanda ke gayyatar baƙi, yana bukatar ɗakuna masu ƙofa, kuma ba wanda zai raina wannan bukata. Akwai kuma lissafin ranar sayarwa, tunda jirgi mai ɗakuna uku yakan fi samun masu nema a wuraren da haya ta yi ƙarfi. Ga iyalin da da gaske mutum biyar ko shida ne ke tafiya kullum, ɗaki na uku daidai ne, ban da ja a kai. Inda nake da ja shi ne ma'auratan da ke sayen ɗakuna uku saboda baƙin da za su zo mako ɗaya a shekara. A tsarin ɗakuna biyu, wurin ɗaki na uku yakan zama babban sito da ake shiga daga waje, banɗaki kuma ya samu wurin wanka daban da wurin rataye jiƙaƙƙun riguna kusa da matakala. Wanda ya zaɓi ɗaki na uku, filafilan ajiya da kayan gyara da jarkokin ruwa da kwale-kwalen roba duk a kan wannan gadon za su ƙare, a zube ba ɗauri, ya zama ya rasa ɗakin ya kuma rasa siton. Ruwan sha ma yana da abin cewa. Tankin irin wannan jirgi yakan ɗauki lita 200 zuwa 400. Idan lita 300 ne, mutum takwas kowa yana amfani da lita goma a rana, ba zai kai su kwana huɗu ba. Hatta allon da dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa maƙera su liƙa a jikin jirgi yana faɗin haka ta wata hanyar, domin yana nuna iyakar mutanen da jirgi zai ɗauka a kowane rukunin yanayi, kuma adadin yakan ragu idan aka tashi daga ruwan gaɓa zuwa rukunin A na buɗaɗɗiyar teku, inda ake sa ran raƙuman ruwa su haura mita 4.

Musu na uku shi ne, ai jiragen masana'anta masu ɗakuna uku suna ƙetare Atlantika kowace shekara lafiya lau. Haka ne, kuma wannan shaida ce cewa ƙirarsu ba ta da laifi a gindinta. Amma a tambayi inda mutanen cikinsu ke kwana a hanya. Galibi ɗakin goshi yakan koma ma'ajiyar kaya da 'ya'yan itace, a ɗinka tamfol a ɗaura wa kujerun falo, a raba gadajen baya, wani ma ya shimfiɗa katifa a ƙasan falo domin nan ne ba inda zai faɗa. Wato matafiyan da kansu suke mayar da jirgin kan tsohon tsari kafin su tashi, kuma wanda falonsa ba shi da miƙaƙƙiyar kujera ba shi da abin da zai gyara. Wasu sukan kawo misalin jirage masu mazaunin matuƙi a tsakiya, irin waɗanda Hallberg-Rassy ke ƙerawa a tsibirin Orust na Suwidin, masu babban ɗaki guda a baya. Tsari ne mai kyau ga ma'aurata, yana ba da sirri da wurin duba inji a sauƙaƙe, amma shi ma darajarsa a teku tana ga yadda aka tsara gadon: gadaje biyu a jikin bango sun fi guda ɗaya a tsakiyar ɗaki. Katamaran kuwa, mai gangar jiki biyu, ba ya karkata sosai, don haka ya rage matsalar gangarowa, sai dai ya fi tsada a saye da kuɗin tasha, kuma ruwan da ke dukan ƙasan falonsa yana da tasa ƙarar mai hana barci.

Hukuncina shi ne, ga mutum biyu zuwa huɗu a jirgin mita 11 zuwa 13, tsarin da ya fi dacewa ɗakuna biyu ne da babban sito, kicin a gindin matakala wanda ya kewaye mai girki, banɗaki kusa da ƙofa, da miƙaƙƙun kujeru biyu a falo waɗanda dogon mutum zai miƙe a kansu. Ga babban iyali ɗakuna uku sun halatta, muddin ba a sayo na ukun da makwancin falo ba. Kai da kake shirin saye ko haya, kada ka tsaya ga abin da takarda ta lissafa. Shiga da ma'auni a hannunka, ka kwanta a kan kowane gado, ka duba ko a miƙe yake da tsawon jirgi, ka nemi inda za a ɗaura tamfol, ka bi falon kana laluben mariƙai, ka tabbatar kowane ɗakin kwana yana da hanyar fita ta biyu idan wuta ta tashi a kicin ko wajen inji. Sannan ka ƙirga makwancin da za su riƙe mutum a lokacin da jirgi ya karkata. Idan ba su kai rabin adadin mutanen da za ka ɗauka ba, ka rage mutanen ko ka nemi wani jirgin.